Aljihun Fatake: An Ce Sunanka Ya Ɓaci a Banki? Kada Ka Biya Mai Gogewa

 

Tambaya ɗaya ce ta yi ta maimaituwa a saƙonnin da kuka aiko mini a 'yan makonnin nan. Mutum ya je banki ko kamfanin ba da rance neman ƙarin jari, ko ya latsa wayarsa neman ɗan bashin MoMo, sai a ce ba za a ba shi ba, wai sunansa ya ɓaci. Kafin ya kai gida, wani ya miƙo masa lambar wani mai hanya da zai goge sunan in an ba shi wani abu. To, a biya ko kada a biya?

Kada a biya. Dalilina biyu ne. In abin da aka rubuta a kanka kuskure ne, gyara shi haƙƙinka ne, da hannunka za ka nema, kuma shigar da ƙorafi ba a biyan ko sisi. In kuwa gaskiya ne ka ci bashin, babu mahalukin da ya isa ya goge shi sai biya. Mai gogewa a tsakanin waɗannan biyun yake cin abincinsa, domin yawancinmu ba mu san a wane ɓangare muke ba. Tunda mafi yawan saƙonnin daga Gana suka fito, da ita zan yi misali, daga baya na leƙa Najeriya da ƙasashen sefa.

Wane kundi ne wannan?

Da farko mu cire wani tunani daga kanmu. Babu wani baƙin littafi a cikin durowar manaja da ake rubuta sunayen marasa kirki. Abin da ke akwai shi ne ofisoshin tattara bayanan bashi, kamfanoni ne masu zaman kansu da Babban Bankin Gana ke ba lasisi a ƙarƙashin dokar 2007 mai lamba 726. Daga cikinsu akwai XDS Data da Dun & Bradstreet. Bankuna da kamfanonin ba da rance suna aika musu da bayanan masu cin bashi a kai a kai: wane ne ya karɓa, nawa, yaushe, yana biya kan lokaci ko ya makara, wa ya tsaya masa. Har cekin da aka rubuta alhali babu kuɗi a asusu yana shiga. Kafin a ba ka sabon rance, sai a nemi rahotonka a can a duba.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, kowa da ya taɓa cin bashi a hukumance yana cikin kundin, mai biya da mai taurin bashi. Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ke biya kan lokaci, kundin shaida ne mai kyau gare shi, shi ne ma zai sa a ƙara masa. Na biyu, ofishin ba ya ƙirƙirar komai da kansa. Abin da mai ba da bashi ya aiko shi yake ajiyewa. Ku riƙe wannan, domin a nan ƙaryar mai gogewa take ƙarewa. Ko da a ce ya san wani a ciki an share maka layi yau, ranar da banki ya sake aiko da bayanansa layin zai dawo daram, tunda a can tushe ba a canza komai ba.

Bashin waya ma yana ciki. A 2022, lokacin da ake sake rajistar layuka da katin shaida na ƙasa, wato Ghana Card, wasu sun ƙi sabunta layukansu da tunanin in layi ya mutu bashin MoMo ya bi shi. Babban Bankin ya fito ya yi gargaɗi cewa bayanan masu bashin waya suna wajen ofisoshin nan, jefar da sim ba ya kashe su. Wanda ya yi haka a wancan lokaci, yau ya je neman jari aka hana shi, to ba kuskure aka yi masa ba, tsohon lissafi ne ya taso.

Me ya sa kuskure ya fi faɗa wa irinmu?

Sunayenmu ne na farko. A zango ɗaya za ka samu Muhammad Abubakar goma. Shi kansa mutum ɗayan, a takardar Nijar Mahamadou Aboubacar ne, a fasfon Najeriya Muhammed Abubakar, a bakin ma'aikacin banki a Kumasi kuma ya zama Mohammed Bukari. Wani ya sa sunan uba a gaba, wani sunan gari. Ga ranar haihuwa. Dattawanmu da yawa ba a rubuta ranarsu ba, da aka zo yin kati sai aka lafta musu 1 ga Janairu. Suna iri ɗaya, ranar haihuwa iri ɗaya, unguwa ɗaya: na'ura ba ta san fuska ba, tana iya haɗa mutum biyu a fayil guda.

Sai sauyin kati. Daga 1 ga Yuli 2022 ne Ghana Card ya zama katin da bankuna ke karɓa shi kaɗai. Kafin nan mutane sun buɗe asusu da katin zaɓe, da fasfo, da lasisin tuƙi. Tsohon bashin da aka rubuta da tsohuwar lamba, wajen haɗa shi da sabuwa ana iya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai wanda ya biya amma ba a rubuta ba. A watan Mayun 2019 Babban Bankin ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, a watan Agusta kuma ya ƙara da wasu 23 na ajiya da rance. Rufe kamfani bai yafe wa kowa bashi ba, an naɗa masu karɓar ragama su bi. Iyayenmu mata da suka riƙa miƙa wa yaron kamfani kuɗi a bakin rumfa kowace yamma, in bai shigar ba ko ɗan littafin ya ɓace, a takarda har yanzu ana bin su.

Na ƙarshe shi ne na cikin gida, kuma shi ya fi zafi. Maigida ya yi wa matarsa da ƙaninsa da yaron shago rajistar layi da katinsa. Ɗa ya ɗauki wayar uwa ya latsa rance ya sa a caca. Alhaji ya tsaya wa ɗan garinsu a banki don kunya, ɗan garin ya tsallaka iyaka. Waɗannan a wurin ofishin ba kuskure ba ne fa. Sunanka aka sa, katinka aka nuna, hannunka ke kan takarda. Wanda ya tsaya wa mai bashi, in mai bashin ya gudu, shi ake kamawa.

Abin da ya faru da wata Hajiya

Akwai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa a Kumasi, sa'ar mahaifiyata ce, ta zo wurina ana saura wata biyu Sallah. Ta nemi rance za ta saro kaya, aka ce ana bin ta bashin da ta ƙi biya shekara uku. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa karɓar rance a hukumance ba, adashi ne jarinta. Wani yaro mai yawo da jaka a kasuwa ya ce mata ya san manya, ta kawo sidi 1,500 da katinta, mako ɗaya an wanke sunan.

Ta ce da ni, "Ɗan nan, ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. A ce ni, da furfurata, na ci kuɗin mutane na gudu?"

Na ce, "Hajiya, kin ga takardar da aka rubuta haka da idonki?"

Ta ce a'a, da baki aka faɗa mata. Na ce to kada ta ba kowa ko kwabo sai mun ga takarda. Da rahoton ya fito, sunan nata ne, na uba ma ɗaya, amma lambar waya da unguwa na wata ce daban, kuma an karɓi bashin a reshen wani gari da Hajiya ba ta taɓa takawa ba. Jikarta mai karatu ta rubuta wasiƙa, aka kai wa kamfanin da ya ba da bashin, aka kai wa ofishin. An yi zirga-zirga kam, kuma kakar Sallar ta wuce ta kafin a gama. Amma an raba fayil ɗin biyu, sidi 1,500 ɗinta na aljihunta, katinta kuma bai shiga hannun da ba ta sani ba. Da ta san da wannan kundi tun farkon shekara, da ko kakar ba ta rasa ba.

Yadda ake bin gyara

Ka fara da neman rahotonka. Kana da damar karɓar sa kyauta sau ɗaya a shekara, da katin shaidarka. Ka nema a kowane ofishi mai lasisi, kada ka tsaya kan guda, domin abin da ke wajen wannan ba lallai ya zama daidai da na wancan ba. In ma'aikacin banki ya ce maka sunanka ya ɓaci, ka tambaye shi cikin ladabi: wane ofishi ne ya ba da rahoton, kuma wane kamfani ne ke bi na?

In takarda ta zo, a zauna a karanta ta layi layi. Wanda bai iya Turanci ba ya samu ɗansa ko amintacce, ba wanda ya tsinta a bakin banki ba. A duba rubutun suna, ranar haihuwa, lambar kati, lambar waya, adireshi. Sannan kowane bashi: wa ya bayar, yaushe, nawa, saura nawa. A duba ko an rubuta bashi ɗaya sau biyu, ko wanda aka gama biya har yanzu yana nuna a buɗe, ko an sa ka a matsayin mai tsaya wa wanda ba ka sani ba.

In ka ga kuskure, ka rubuta wasiƙa, ba waya ba. Maganar baki iska ce. Kofi biyu: ɗaya ga kamfanin da ya aika da bayanin, ɗaya ga ofishin da ya ajiye. Wasiƙar ba ta buƙatar dogon Turanci. Sunanka da lambar katinka, lambar bashin da kake jayayya a kai, abin da aka rubuta, abin da yake daidai, da abin da kake so a yi. Ka roƙi a sa alama cewa ana jayayya a kan wannan layi har a gama bincike. Ka haɗa da hoton rasit, takardar shige da ficen asusu, saƙonnin MoMo na biya. Na asali su zauna a gida, kwafi ake bayarwa. In ka miƙa, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka kofin, a ba ka lambar ƙorafi.

Daga nan sai ƙirga kwana. Ƙa'idar sauraron ƙorafi da Babban Bankin Gana ya shimfiɗa a 2017 ta ba bankuna da kamfanonin da yake kula da su kwanakin aiki 20 su warware, da ƙarin 10 in lamarin ya yi sarƙaƙiya. In wa'adi ya cika shiru, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ɗauki kofinka mai hatimi ka kai ƙara Babban Bankin. Shi ya ba su lasisi, maganarsa suke ji. Kun ga amfanin hatimin nan ke nan.

In kuwa wani ne ya ci bashi da katinka ba da saninka ba, ka haɗa da rahoton 'yan sanda. Na san in ɗan gida ne abin da nauyi, kuma kowa ya san gidansa. Amma ka sani, in ka zaɓi rufa masa asiri, to ka zaɓi biyan bashin ke nan, babu hanya ta uku.

Bayan an ce an gyara, ka karɓi takardar shaida a rubuce, ka bari a ɗan jima, ka sake neman rahoton ka gani da idonka. Wannan karon wataƙila ka biya ɗan kuɗin rahoto, amma ya fi ka sake jin labari a gaban manaja.

In bashin gaskiya ne fa?

To ɗan'uwa, a nan sai haƙuri. Ka je wurin masu bin ka da ƙafarka kafin su zo da tasu. Ka faɗi abin da za ka iya biya duk wata, ka nemi a sassauta tarar makara, a rubuta yarjejeniya. Ka biya ta asusun kamfani, kada ka tura wa lambar MoMo ta wani ma'aikaci, komai kyan rigarsa. In ka gama, ka karɓi takardar cewa ba a bin ka. Biya ba ya share tarihin makara nan take, shekaru yake ɗauka kafin ya fita. Amma layin zai koma "an biya", kuma mai ba da rance ya san bambancin wanda ya makara ya biya da wanda ya yi ɓatan dabo.

Me mai gogewa ke sayarwa?

Na ga iri huɗu. Akwai wanda zai karɓi kuɗi ya kashe waya, wannan ma shi ne mai sauƙin. Akwai wanda zai rubuta wasiƙar nan da jikar Hajiya ta rubuta, ya caje ka kuɗin buhun shinkafa biyu. Akwai wanda zai buga maka takardar jabu mai tambarin banki cewa ka biya, ko ya sa ka rantse cewa sace katinka aka yi alhali kai ka ci. Ranar da banki ya bincika, shi ba ya nan, kai ne a gaban alƙali, kuma baƙo da laifin jabu kun san inda maganar takardar zama take nufa. Na huɗu shi ne mafi sharri: zai ce ka ba shi katinka, da lambar sirrinka, da lambar da za a turo maka ta saƙo, wai don ya shiga na'ura. Da su zai ci sabon bashi da sunanka. Ka je neman goge ɗaya ka dawo da uku.

A Amurka, inda kamfanonin gyaran suna suke da yawa kuma da rajista, sai da aka yi doka a 1996 da ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin. To in can da ofis da allon suna an ga dole a ɗaure musu hannu, ina ga mai jaka a bakin kasuwa?

Ba ina cewa kada a nemi taimako ba. In kuɗin da ake magana mai yawa ne, ko an kai ga kotu, ko ana barazanar ƙwace jingina, ka ɗauki lauya na gaske mai ofis. In rubutu ne matsala, ka biya mai rubutu ladan rubutunsa. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk wanda ya yi maka alkawarin share bashin da ka san ka ci, ko ya ce sai an biya kafin ka ga komai a rubuce, ko ya nemi lambar sirri, ka yi masa sallama.

Na gida Najeriya da ƙasashen sefa

Da yawanmu ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a gida, saboda haka a duba can ma. A Najeriya dokar 2017 ce ke aiki, ofisoshi uku ne masu lasisin Babban Banki: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Nan ma rahoto ɗaya kyauta ne a shekara, kuma ana riƙe bayani aƙalla shekara 6. Lambar BVN ita ce igiyar da ta ɗaure duk asusunka wuri guda. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga asusunka na wani bankin, in ka sa hannu a kan haka lokacin karɓar rance. Wanda ya bar bashi a Kano ya taho, yana tura wa iyali kuɗi ta wani asusunsa, kada ya yi mamaki in ya wayi gari an zare. Hanyar ƙorafi ɗaya ce: banki tukuna, a rubuce, in ya gaza sai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

'Yan'uwa na Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Mali, Senegal da Gini Bisau kuwa, Babban Bankinsu ɗaya ne, BCEAO, kuma kamfanin Creditinfo ne ke tattara bayanan yankin. Abin da aka rubuta maka a Lome, kada ka ɗauka ba za a gan shi a Yamai ba. Wasiƙa a can da Faransanci za a yi ta, sai dai ta Gini Bisau da ke amfani da harshen Fotugal, amma abin da za a sa a ciki bai canza ba.

Aikin gida na wannan wata

Maigida, ka zauna da iyali ku ƙirga layuka nawa aka yi wa rajista da katinka, kuma a hannun wa kowanne yake. Wanda ya isa yin kati ya mayar da layinsa sunansa. Uwargida, lambar sirrin MoMo ɗinki ba ta yara ba ce, ko da su ke karanta miki saƙo. A samu leda ɗaya mai zif a zuba duk rasit na biyan bashi, a ɗauki hotonsu a waya. A daidaita rubutun suna a kati da asusu da layi, harafi da harafi. Kafin ka tsaya wa kowa, ka tambayi kanka ko za ka iya biyan kuɗin nan kai kaɗai. In ba za ka iya ba, kunyar yau ta fi ta gobe sauƙi. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana kan rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata a ce takarda ce ke ba mu tsoro ba.

Sannan kowa ya nemi rahotonsa yanzu da babu abin da ya taso, ba sai kaya na kan iyaka ana jiran kuɗi ba. Wanda ya nema ya ga abin da bai gane ba, ya aiko mini da tambaya, amma ya rufe lambar kati da ta asusu kafin ya turo.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu duba rancen ƙungiya da ake ba mata, da abin da ke faruwa da sauran idan ɗaya ta kasa biya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya ba masu bashi ikon biya, ya tsare mu daga bashin da ba mu ci ba. Sai mun sake saduwa.